Babban Taro ko Ƙaramin Zaure: Ina Daɗin Kiɗa da Baje Kolin Zane Yake a Babban Birni?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da na daɗe ina lura da shi game da mazauna manyan birane, kuma ina so mu tattauna a kansa. Mutum zai yi shekara da shekaru a birnin da kusan kowane dare akwai inda makaɗa ke wasa, kowane mako akwai inda masu zane ke baje aikinsu, amma idan ka tambaye shi wasannin da ya halarta, sai ya ambata maka manyan tarukan filin ƙwallo kawai, waɗanda aka shafe watanni ana tallarsu. A ganina mun mayar da shaharar mawaƙi ma'aunin daɗin wasa, alhali abin da ya fifita kiɗan kai tsaye a kan wanda muke ji a waya shi ne kusanci. A ƙaramin zaure kana ganin hannun mai ganga, kana jin numfashin mai busa kafin ya fara, kana ganin lokacin da mai jita ya ɗaga gira ya yi wa abokinsa alamar a sauya. Duk wannan yana ɓacewa idan akwai mita 100 da dubban kawuna tsakaninka da dandamali, domin a nan allon majigi kake kallo ba makaɗi ba. Saboda haka nake cewa wanda yake son ya mori birninsa ya nemi ƙananan wurare. Ina jiran masu saɓa mini.

Zulai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ce ta farko a masu saɓa maka. Abin da kake kira ɓacewa, a wurina wani samu ne na daban. Idan mutum dubu arba'in suka ɗauki amshi guda a lokaci guda, mawaƙin ya janye makirufo daga bakinsa ya bar musu waƙar, akwai abin da yake ratsa jikin mutum wanda zauren mutum ɗari ba zai taɓa bayarwa ba. Ba hannun mai ganga na je kallo ba, na je ne in kasance cikin wannan muryar. Sannan akwai abin da maza ba ku cika lissafawa ba: babban taro yana da lokacin farawa da na tashi, yana da masu gadi da haske da motoci a bakin ƙofa, amma ƙananan wuraren da kake yabo sau da yawa a lungu suke, ba a san lokacin da za a fara ba, balle a san na tashi.

Injiniya Bala:
Tunda haɗa sauti a wuraren wasa shi ne sana'ata, bari in sa baki. Kowannenku yana da gaskiya, amma girman wuri ba shi ne kaɗai abin dubawa ba.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Wanda yake tsaye mita 100 daga dandamali, sautin lasifikokin gaba yana isa kunnensa ne bayan kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa, shi kuwa hoton majigi nan take yake isa idonsa, shi ya sa zai ga sanda ta sauka a kan ganga kafin ya ji bugun. Don haka ne muke kafa wasu lasifikoki a tsakiyar fili, mu jinkirta sautinsu daidai lokacin da na gaba zai ɗauka kafin ya iso, domin su haɗu su zama ɗaya. Idan an yi lissafin da kyau ba wanda zai lura, idan kuma an kuskure sai ka riƙa jin kowace kalma sau biyu. Ga iska ma, wadda takan kwashe siraran muryoyi ta kai gefe, ta bar maka dukan ƙirji kawai.

Sai dai, Malam Nasiru, ƙaramin ɗaki ma yana da nasa ciwon. Ɗakin da rufinsa yake ƙasa-ƙasa, bangayensa siminti ne tsirara ko gilashi, yana mayar da sauti ta kowace kusurwa, mai ganga shi kaɗai zai cika shi, sai a ƙara wa mawaƙi murya don a ji shi, sai mai jita ma ya ƙara tasa, kafin a ankara komai ya cakuɗe. Masana suna auna tsawon lokacin da amo yake ɗauka kafin ya mutu a ɗaki. Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, shi ne ya fara fitar da lissafin, kuma da shi aka gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Zaurukan da suka yi suna wajen kiɗan manyan rukunin masu goge da busa, irin wannan na Boston da na Vienna da aka buɗe a 1870, amonsu yana kai kimanin daƙiƙa biyu. Wannan amon da yake ƙawata goge shi ne kuma yake lalata kiɗa mai saurin bugu da kalmomi masu yawa, wanda yake son ɗaki mai shanye sauti. Kenan tambayar da ta dace ita ce ko kiɗan ya dace da ɗakin.

Shawarata ga kowa, a babban wuri ko ƙarami, ita ce ku nemi inda teburin mai haɗa sauti yake, ku tsaya kusa da shi. Daga nan yake saurare yana gyarawa, saboda haka nan ne sautin ya fi daidaita. Sahun gaba ya fi daɗin kallo, amma sau da yawa shi ya fi munin sauti, domin manyan lasifikokin suna harbawa ne ta saman kanka.

Malam Nasiru:
Injiniya, na karɓi wannan, amma ina ganin bai rushe maganata ba. Ko da sautin ɗakin bai kai yadda ake so ba, a ƙaramin wuri makaɗi yana kallon fuskokinmu, idan ya ga mun gaji sai ya gajarta, idan ya ga mun kama sai ya ja. A babban taro kuwa an riga an ɗaure komai da agogo, domin haske da majigi da hayaƙi duk suna bin tsarin da aka saka a kwamfuta, mawaƙin ba shi da ikon ƙara ko da baiti guda ba tare da ya rikita wasu mutum ashirin a bayan fage ba.

Dakta Hadiza:
Kafin ku yi nisa ina so in ƙara wani abu a kan maganar Injiniya, domin mu ne muke ganin sakamakon a asibiti. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar na awo: ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sautin. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata suka fi yawan ambata ita ce kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, 88 na awa huɗu, haka ake ta rabawa biyu, har a desibel 100 abin da ya rage minti goma sha biyar ne kawai. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa, inda ta ce matsakaicin ƙarfin sauti kada ya wuce desibel 100, a riƙa auna shi a lokacin wasa, a tanadi abin toshe kunne ga masu so, a kuma ware wurin da babu ƙara don mutum ya huta. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti.

Idan ka dawo daga wasa kana jin wani siririn ƙara a kunne, ko kana jin maganar mutane kamar daga bayan bango, wannan alama ce ta cewa ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne sun wahala. Washegari yakan lafa, shi ya sa ake raina shi, amma waɗanda suka mutu daga cikinsu ba sa sake tsirowa. Kuma Malam Nasiru, a wannan fannin ƙaramin zaure bai fi babban fili aminci ba, wani lokaci ma ya fi haɗari, tunda ba inda za ka ja da baya.

Injiniya Bala:
Haka yake Dakta. Abin toshe kunne na soso yana dusashe siraran muryoyi, shi ya sa mutane suke ƙin sa. Akwai wanda aka yi domin makaɗa, mai ɗan mataci a ciki, yana rage ƙarfin sautin kusan baki ɗaya ba tare da ya sauya launinsa sosai ba. Da shi nake aiki, kuma da shi nake zuwa kallon wasan wasu.

Hajiya Asabe:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, zan kawo muku maganar wanda bai sayi tikiti ba amma yana shan kiɗan dole. A bayan gidan da nake zaune an buɗe wani ƙaramin wurin wasa irin wanda Malam Nasiru yake yabo. Ba na jin waƙar, ba na jin jitar, abin da yake shigo mini ɗaki shi ne wannan dukan mai nauyi da yake sa gilashin taga rawa har tsakar dare. Ni ba mai ƙin kiɗa ba ce, a ƙuruciyata na halarci wasanni da dama. Amma idan ana maganar morar birni, a tuna cewa birnin na masu barci ne kuma, da marasa lafiya, da yaran da za su tashi makaranta.

Malam Nasiru:
Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri, kuma kukanki yana kan hanya. Wannan rikici shi ne yake cinye ƙananan wuraren wasa a birane da yawa, sai dai galibi ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. Za ki ga zaure ya shekara talatin yana aiki a unguwar da babu gidajen kwana, sai unguwar ta yi daraja, wani lokaci ma saboda shi zauren da masu zanen da suka taru a kewayensa, sai mai kuɗi ya gina benaye a jikinsa, sababbin mazauna su kai ƙara, a rufe shi. Wani kwamiti da magajin garin Landan ya kafa ya bayar da rahoto a 2015 cewa birnin ya rasa kashi 35 cikin ɗari na ƙananan wuraren kiɗansa tun daga 2007, kuma tsadar haya da sababbin gine-gine na cikin manyan dalilan. Maganin da wasu suka samo shi ne dokar da ta ce wanda ya zo daga baya ya kawo sauyi, shi zai ɗauki nauyin toshe ƙara. Jihar Victoria ta Ostareliya ta kafa ta a 2014, Ingila kuma ta shigar da ita cikin tsarin gine-ginenta a 2018.

Hajiya Asabe:
To ai Malam wannan doka tawa ce, domin ni na riga su zuwa. Su ne za su gyara bangonsu.

Malam Nasiru:
Ko shakka babu Hajiya, haka dokar take nufi, kuma adalcinta kenan, tana yanka ta kowane gefe.

Injiniya Bala:
Hajiya, dalilin da ya sa dukan kawai kike ji shi ne sauti mai kauri yana ratsa bango da ƙasa, siriri kuwa bango yana tare shi. Labule da soson da suke mannawa a jikin bango suna gyara sautin cikin ɗaki ne kawai, ba sa hana shi fita. Abin da yake hanawa shi ne bango mai nauyi, ko bango biyu da sarari a tsakaninsu, da kuma ɗaga manyan lasifikoki daga ƙasa a ɗora su a kan abin da yake shanye girgiza. Idan za ki yi musu magana, ki nemi su rage kaurin sautin bayan wani lokaci na dare, wannan ba ya cin kuɗi kuma masu kallo da ƙyar za su lura.

Malam Tanimu:
Na zauna ina karantawa ina jiran a zo kan rabin maganar na biyu, amma na ga kiɗa ya danne zane a nan ma kamar yadda ya saba. Ni mai zane ne, kuma abin da ya fi damuna ba rashin masu saye ba ne, rashin masu shigowa ne. Na sha tsayawa a cikin zauren baje koli ina kallon mutum ta gilashi, ya rage tafiya, ya leƙo, ya dubi farin bango da tsit ɗin wurin, ya dubi tufafinsa, ya wuce. Yana zaton sai mai kuɗi ko mai ilimin abin ake bari ya shiga. Alhali yawancin zaurukan da ake sayar da zane ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba wanda zai tilasta maka saye.

Ga abin da zan gaya wa wanda bai taɓa shiga ba. Daren buɗewa dare ne na gaisawa da ɗaukar hoto, kowa ya juya wa aikin baya yana hira, saboda haka ka je don ka ga mai zanen, amma ka koma a tsakiyar mako da rana don ka ga zanen. Idan ka shiga kada ka ce sai ka kalli komai. Ka zagaya sau ɗaya da sauri, ka zaɓi aiki biyu ko uku da suka riƙe maka ido, ka koma musu. Ka tsaya daga nesa tukuna ka ga yadda aka raba haske da duhu, sannan ka matso har ka ga inda fenti ya yi tudu, inda aka kankare shi da wuƙa, inda mai zanen ya rufe wani hannu da ya fara zanawa ya sake wani, amma inuwar na farkon tana nan a ƙarƙashi. Sai ka ja da baya kuma, za ka ga abin da kake kallo ya sauya. Kada ka karanta takardar da ke gefe sai bayan ka gama wannan, domin idan ka fara da ita, abin da ta faɗa kawai za ka gani.

An taɓa yin bincike a babban gidan kayan fasaha na Metropolitan da ke New York, aka buga shi a 2001, inda aka auna tsawon tsayuwar masu kallo a gaban fitattun zane-zane, aka samu matsakaicinta bai kai daƙiƙa 30 ba. Aikin da mutum ya yi watanni a kansa kenan. Wanda ya ba zane minti biyar ya riga ya fi yawancin masu shiga gani, ko da bai san sunan kowane mai zane a duniya ba.

Zulai:
Malam Tanimu, ina cikin masu leƙowa su wuce, kuma abin da yake hana ni shi ne tsoron a tambaye ni ra'ayina in rasa abin faɗa. Idan mai zanen yana tsaye a wurin, me ake ce masa?

Malam Tanimu:
Ƙanwata, tambayar da muka fi gajiya da ita ita ce "me wannan yake nufi", domin da muna iya faɗarsa da baki da ba mu zana ba. Ki tambaye shi da me ya yi, daga ina ya fara, wane ɓangare ne ya fi ba shi wahala, ko me ya sa ya tsaya a inda ya tsaya. Za ki ga bakinsa ya buɗe har sai kin gaji. Kuma idan aikin bai burge ki ba, ba laifi ba ne ki ce bai kama ki ba, wannan ya fi mana "ya yi kyau" da ake faɗa ana kallon ƙofa.

Game da ɗaukar hoto kuma, tunda na san za a zo kansa: wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Linda Henkel ta gwada ɗalibai a gidan kayan fasaha na jami'arsu a Amurka, ta gano cewa abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su kamar waɗanda suka kalla kawai ba, sai dai idan sun matso da kyamarar kan wani ɓangare na musamman, a nan tunawar ba ta ragu ba. Ni ba na hana hoto, yana kai aikina inda ƙafata ba ta kai ba. Ina dai roƙon a kalla tukuna.

Garba Mai Jita:
Gaisuwa ga manya. Ni ina cikin waɗanda ake zuwa kallo a ƙananan wuraren nan, kuma na gode wa Malam Nasiru da yabon da ya yi mana, sai dai yabo ba ya biyan mai ganga. Mutumin da zai tara kuɗin wata guda don tikitin babban taro, shi ne zai zo ƙofar ƙaramin zaure yana neman a sa sunansa cikin baƙi don ya shiga kyauta, saboda ya san ɗaya daga cikinmu. Abin da aka tara a ƙofa shi ake cire kuɗin ɗaki da na mai sauti da na motar da ta ɗauko kaya, sannan a raba saura tsakanin mutum biyar ko shida. Malam Tanimu ma zai shaida cewa idan aka sayar da zane a zaure, bisa al'adar kasuwar kusan rabin kuɗin na mai zauren ne. Duk mawaƙin da Zulai take zuwa ta yi wa amshi a filin ƙwallo, a irin waɗannan ɗakunan ya koyi tsayuwa gaban mutane, ya yi kuskure ba wanda ya ɗauka a bidiyo, ya gano waƙar da take kamawa da wadda ba ta kamawa. Idan ɗakunan suka mutu, nan da shekara goma sha biyar ba wanda zai cika filin.

Dakta Hadiza:
Malam Garba, to yaya kake kallon bukukuwan da ake yi kyauta? Ina nufin irin bikin kiɗa da ma'aikatar al'adu ta Faransa ta fara a 1982, wanda ake yi kowace ranar 21 ga Yuni a tituna da dandali ba tare da tikiti ba, kuma yanzu ya bazu zuwa ƙasashe fiye da ɗari. Ko daren fasaha da Paris ta fara a 2002. A ganina waɗannan su ne suke cire wa mutane tsoron da Malam Tanimu ya ambata.

Garba Mai Jita:
Dakta, ina son su, kuma ina wasa a irinsu. Dare ɗaya a shekara da kowa ya fito, gwani da ɗan koyo, abu ne mai kyau. Inda nake da ja shi ne idan kyautar ta zama ita ce ƙa'ida, masu shirya taro su biya mai janareto, su biya mai kujeru, su biya mai gadi, sannan su ce wa makaɗi ladansa shi ne za a san shi. Ko shahararren bikin wasanni na Edinburgh ta Scotland, wanda ya samo asali a 1947 lokacin da ƙungiyoyin wasa takwas da ba a gayyata ba suka je suka yi nasu a gefen babban biki, har yau ba a tantance kowa, duk mai so zai iya zuwa, amma shi mai wasan ne yake biyan ɗaki da masauki da talla, kuma da yawa suna komawa gida da bashi. Idan kin shiga kyauta kin ji daɗi, ki saka wani abu a inda ake sakawa, ko ki sayi faifai ko riga a teburin ƙofa, domin wannan kuɗin ya fi kowanne saurin isa hannunmu.

Malam Tanimu:
Haka abin yake a wajenmu. A babban baje kolin Dakar, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, akwai zaɓaɓɓun ayyuka a manyan zauruka, sannan akwai na gefe da suke bazuwa cikin gari, a gidaje da shaguna da ɗakunan aikin masu zane. Waɗanda suka san abin sukan ba na gefen lokaci mai yawa, domin a nan ake haɗuwa da mai aikin da kansa, kuma idan ka saya, hannu da hannu ne.

Zulai:
To na ji, kuma zan gwada. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar tsaro, kuma ba wanda ya faɗa mini yadda ake sanin waɗannan wasannin, tunda ba a manna su a manyan alluna.

Injiniya Bala:
Zulai, game da tsaro, babban taro yana da nasa haɗarin wanda haske da masu gadi ba sa kawarwa, wato matsi. A Duisburg ta Jamus a watan Yulin 2010 mutum 21 suka rasu a wani bikin kiɗa, saboda hanya guda ce ta shiga da fita, ta ƙarƙashin gada. A Houston ta Amurka a Nuwamban 2021 mutum 10 suka rasu sakamakon matsi a gaban dandamalin wani bikin kiɗa. Yawancin masu mutuwa a irin wannan ba tattake su ake yi ba, matse musu ƙirji ake yi har su kasa numfashi, wasu ma a tsaye. Idan mutane suka haura biyar a kowace murabba'in mita, taron yakan fara motsi da kansa, ba mai iya zaɓar inda zai sa ƙafa. Alamar ita ce ki ji ana taɓa ki ta kowane gefe, ki kasa ɗaga hannu zuwa fuskarki. Da zarar kin ji haka ki fara zamewa ta gefe, kada ki yi ƙoƙarin tura taron baya, ki riƙe hannuwanki a gaban ƙirji, kuma duk abin da ya faɗi kada ki sunkuya ɗauka. A ƙaramin zaure kuwa abin tsoro wuta ce, saboda haka da shigarki ki nemi ƙofa ta biyu da idonki, idan kin ga an kulle ta ko an tare ta da kaya, wannan wurin bai cancanci zamanki ba komai daɗin kiɗan.

Malam Nasiru:
Game da sanin inda ake yi, hanyar da ta fi yi mini aiki ita ce bin mutane maimakon bin talla. Idan kika ga wasa guda, ki riƙe sunan mai ganga ko mai busa da ya burge ki, ki bi shafinsa, domin irinsu sukan yi wasa da ƙungiyoyi uku ko huɗu, kowace kuma za ta kai ki wani ɗakin. Ki zo da wuri ki ga waɗanda ake sakawa su buɗe fage, waɗanda yawanci ake bari suna yi wa kujeru wasa. Makarantun koyon kiɗa da na zane suna yin wasanni da baje kolin ƙarshen shekara, galibi a buɗe ga kowa kuma da rana ko farkon dare, haka ma cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje da manyan ɗakunan karatu. Waɗannan sun fi dacewa da wanda yake son ya koma gida da wuri.

Hajiya Asabe:
Wannan na ƙarshen shi ne nawa. Idan akwai wasan da za a fara a lokacin da aka rubuta, a ba ni kujera, a tashi kafin motocin haya su ɗauke, zan zo, har ma in biya wa jikokina. Amma Malam Garba, me ya sa kuke rubuta ƙarfe bakwai ku fara ƙarfe tara?

Garba Mai Jita:
Hajiya, mu ƙarfe biyar muke zuwa mu gwada kaya, ƙarfe bakwai muna zaune a bayan fage da kayanmu a jiki. Mai zauren ne yake leƙawa ya ga mutum shida, ya ce a ɗan jira. Masu kallo sun saba ba a farawa kan lokaci shi ya sa suke makara, mu kuma muna jira saboda sun makara. Idan kin zo da jikokin nan kuka zauna a sahun gaba ƙarfe bakwai daidai, ni zan hau in fara, ko mai zauren ya so ko bai so ba.

Dakta Hadiza:
Hajiya, idan da yara za ki je, kada ku zauna a sahun gaba, ku koma kusa da teburin Injiniya, kuma ki nema musu abin rufe kunne irin mai kama da na sauraren waya, domin na soso ba ya zama daidai a kunnen ƙaramin yaro.